Ƙwayar Asuba

Ni ne Dabo mai rijiya, na Angwan Iya. Duk wanda ya sha ruwan rijiya a Keffi kafin zuwan burtsatse, tun daga Liman Abaji har ka fita Panda, da wuya idan ba aikin hannuna ya sha ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma ina taka ƙasa in gaya maka inda ruwa yake kwance. Rijiya ta rufta da ni a Panda, aka tono ni ana salati, na kakkaɓe jikina na tambayi tuwo. Kububuwa ta sare ni a gindin wata tsohuwar rijiya, ita ta mutu, ni ga ni. Shekarar amai da gudawa mun kwanta da yawa a rumfa ɗaya, ni kaɗai na fito da ƙafata. Duk waɗanda muka riƙe igiya tare na raka su maƙabarta. A je a tambaya.

Na faɗi wannan ne don a san ba ragon mutum ba ne ya tsaya gaban wani ɗan akwati ya rasa ta cewa.

Matata Khadijatu, da nake kira Dije, shekarun baya ta tashi wata safiya bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Shanyewar ɓarin jiki. Ta yi watanni ba ta iya kai loma bakinta, ba ta iya yi wa kanta tsarki. 'Yarmu Naja'atu tana gidan mijinta da ɗanyen goyo, don haka ni na yi jinya. Ni na wanke ta, ni na juya ta. Allah ya sa ta miƙe, bakin ya koma wurinsa, hannun ya dawo. Likitan da ya duba ta a Abuja ya ba ta wata 'yar ƙwaya mai ruwan hoda, ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ta kullum ce. Ita ke hana jini daskarewa ya sake toshe mata hanyar ƙwaƙwalwa. Kada ta tsallake ko rana ɗaya."

Ni kuwa in aka ba ni aiki, an gama. Kullum in na dawo sallar asuba, tun daga zaure nake ɗaga murya.

"Dije, kin haɗiye?"

"Na haɗiye, Malam. Sai unguwa ta ji?"

"Gara ta ji. Ranar da kika bar ta, ranar zan aika a kira masu haƙa kabari."

"Kai ɗin? Da kanka za ka haƙa, ka ce nasu ya karkace."

Haka muke kowace safiya, shekara da shekaru. Ciwon bai dawo ba. Na sha faɗa a majalisa cewa likita ya rubuta, amma ni na riƙe ta.

A daminar bara ta je ɗibar ruwa, ta taka gansakukar bakin rijiyar gidanmu, ta zame. Rijiyar da na haƙa da hannuna. Na ji ƙarar guga, na fito na same ta a kwance, ƙafar hagu ta juya waje. Ni na so a kira maɗori. Naja'atu ta iso a kan babur ta ce, "Baba, wallahi ba mai taɓa min Inna sai asibiti." Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an yi aiki an sa ƙarfe.

Likitan da ya karɓe mu sunansa Godfrey, ɗan Eggon ne, siriri, Hausarsa da ɗan gargada amma ba ya ɓoye magana. Ya zaunar da ni da Naja'atu a kan benci.

"Baba, ƙirjin Mama ba zai ɗauki maganin barci ba. Sai dai allura a baya, ƙafafu su mutu na ɗan lokaci, mu yi aikin tana farke. Amma akwai matsala. Wannan ƙwaya da take sha."

"Ƙwayar ba ta da matsala," na ce. "Ni nake kula da ita."

"Ka yi ƙoƙari, Baba. Bari in gaya maka aikinta. A cikin jini akwai wasu ƙananan abubuwa, ido ba ya ganinsu. In mutum ya yanke, su ne suke rugowa su manne da juna su toshe wurin. Ƙwayar tana hana su mannewa. Da, abin da muke so ke nan. Yanzu in na soka allura a bayanta jini ya ƙi tsayawa, zai taru ya danne laka. Ƙafa biyun duka za ta rasa. Dole mu tsayar da ƙwayar, mu jira jinin ya dawo da ƙarfinsa."

"To a jira mana. Ina ake sauri?"

Ya girgiza kai. "Tsohuwa mai karayar ƙugu, kwanciyar ita ke kashe ta. Ƙirji yana cika da majina. Duk ranar da ta ƙara a gadon nan, asara ce. Muna so mu shiga da ita ranar farko da jinin ya yarda."

"Wa zai gaya maka ya yarda?"

Sai ya kira nas, Sista Judit, ta turo wani teburi mai taya. A kansa akwai ɗan akwati, bai kai rediyona girma ba, da ɗan gilashi a fuska. Ya ce sabon abu ne, aro aka ba su don gwaji. Ba sai an kai jini wani ɗaki an jira ba. A nan gefen gado za a ɗiba a 'yar kwalba, a kifa ta a bakin akwatin, kafin mutum ya gama cin goro ya faɗi ko waɗancan ƙananan abubuwan sun fara mannewa.

Na yi dariya. Na ce, "Likita, ni da kake gani, da tafin ƙafa nake jin ruwa a ƙarƙashin dutse. Ban taɓa neman akwati ba."

"To Baba, ka taka min jinin Mama ka gaya min."

Har Dije, da take ta cije leɓe don zafi, sai da ta murmusa.

Sista Judit ta karɓe kwalin ƙwayar daga jakar Naja'atu ta kulle a durowa. Na ga Dije ta bi kwalin da ido. Aka gwada a ranar, akwatin ya ce jini tsinke yake. Likita ya ce daidai ne, ai jiya-jiya ta sha. Bayan 'yan kwanaki aka sake. Ya dubi gilashin, ya ɗan ɓata fuska, ya ce wasu jikinsu yana da nawa. Aka ƙara kwanaki aka sake gwadawa. Bai motsa ba. Kamar ba a taɓa tsayar da komai ba.

A lokacin Dije ta fara tari. Ɗan ƙarami, irin wanda mutum zai ce ƙaiƙayin maƙogwaro ne. Bayanta ya fara ja inda take kwance. Matan da aka kawo bayanta an yi musu aiki, wasu har an sallame su, 'yan uwansu suna naɗe tabarmi suna mana Allah ya sawwaƙe. Mu muna nan. Ɗakin yana warin magani da fitsari, ruwan sama yana dukan kwano, rana ba ta fitowa sai ta leƙo ta koma.

Likita ya tsare Naja'atu. "Kina ba ta wani abu? Garin maganin ciwon jiki na kemis? Jiƙo?"

"Wallahi koko ne kawai da tuwo, sai abin da Sista ta ba ni."

Ya juyo kaina. Raina ya ɓaci. Na miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin mata, na ce, "Yaro, kada ka dube ni. Akwatinka ne maƙaryaci. An ba ku abin da Turawa suka gaji da shi, kun ajiye min mata tana ruɓewa a kan katifa kuna jiran rediyo ya yi magana!"

Naja'atu ta ja min riga. "Baba, don Allah."

Likita bai yi fushi ba. Ya ce, "Ni ma na fara zarginsa. Baba, kai kana shan wani magani?"

"Ni? Magani ne yake sha na."

"To ara min hannunka. In ya ce naka ma tsinke yake, akwatin ya lalace, yau zan mayar da shi."

Na naɗe hannun riga. Sista Judit ta sha wahala kafin ta huda fatar, ta ce, "Baba, wannan fata ce ko ƙirgi?" Na ce mata ƙasar Keffi ce ta jeme ta. Ta cika 'yar kwalbar, ta kifa. Akwatin ya yi ɗan gurnani. Matan gadajen kusa duk sun ɗago kai. Can sai baƙi ya fito a gilashin.

"Me ya ce?"

"Ya ce jininka yana kama kansa kamar na saurayi."

Na dubi ɗakin gaba ɗaya na ce, "Kun ji dai." Wata tsohuwa ta ce, "Mun ji, Baba, sai a ƙara aure." Aka yi dariya. Ni ma na yi. Sai na ga likita bai yi ba, yana kallon Dije, ita kuma ta juya fuska bango. Na daina dariyar. In akwatin ya san nawa, to ya san nata.

Washegari ban koma gida bayan asuba ba. Na yi salla a masallacin asibiti, gari ya fara haske, na nufi ɗakinsu. Na haɗu da Naja'atu a hanya da fulas, za ta wurin mai shayi karɓo ruwan zafi. Na tsaya a bakin ƙofa. Dije tana kwance rigingine. Na ga hannunta ya shiga ƙarƙashin mayafi, ya jawo bakin zanenta, inda take ɗaure goro da allura tun tana amarya. Ta kai ƙullin baki ta kwance da haƙori. Ta ɗauki abu ɗaya ta jefa, ta haɗiye da miyau.

Ba wanda ya taɓa tunanin bakin zane. Sun duba jaka, sun duba loka, sun duba ƙarƙashin filo. Ni da na shekara hamsin ina ganin wannan ƙulli, ni ma ban tuna ba.

Na ƙarasa na zauna a kujerar roba. Ta gan ni. Ba ta ɓoye ba.

"Na haɗiye, Malam," ta ce. "Ba ka tambaya ba."

"Dije. Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo ni. Waɗanda nake ɗaurewa saboda tafiya biki ne."

"Kin ji abin da likita ya ce. Kin ji da kunnenki."

"Na ji. Na kuma ji na wancan likitan. Na ji naka, kowace safiya." Ta yi tari, ta jira ya lafa. "Ka tuna wanda ya wanke ni wancan karon?"

"Ni ne. Kuma na iya."

"Ka iya. Ba za ka sake ba. Karaya na san ta, Malam. Naja'atu tana sa min fo, amma da hannuna nake tsarki, da bakina nake ce mata ta juya baya. Wancan kuwa, ina kallonka kana goge min miyau, ina so in ce sannu, sai gurnani ya fito. Gara in kwanta a nan har ƙasa ta kira ni da in koma can."

Ina iya fizge zanen. Hannuna ya ja mutum mai ƙiba daga rijiya mai gaba goma sha. Amma na zauna, ban san inda zan sa hannun ba. Ni ban taɓa roƙon kowa ba, ko lokacin da ƙasa ta danne ni ban yi kururuwa ba. A ranar na roƙi matata.

"Ki ba ni ajiya," na ce. "Ba zubarwa zan yi ba. Kwanaki kaɗan ne. Akwatin nan ba ya ƙarya, na gwada shi da jinina. Yana cewa ya isa, za su shiga da ke. Ana fito da ke, likita yana ɗaga kai, ni zan sa miki ita a baki da hannuna."

"In ya dawo kafin nan fa?"

"Ba zai dawo ba. Ina zaune a nan."

"Kai ne Allah?"

"A'a. Amma ni ne Dabo."

Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Sannan ta ce, "Rantse za ka mayar min." Na rantse. Ta zazzage su a tafina, 'yan ƙwayoyi, sun yi laushi da gumi, ɗaya ta manne da ɓawon goro. Na naɗe su a takardar sukari na sa a aljihun gaba.

Da likita ya zo zagaye na ja shi gefe na nuna masa. Ya dafe kai. Sai ya je gefen gadon ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Mama, kullum za mu riƙa duba ki. In hannu ya yi nauyi ko baki ya yi wani iri, ki faɗa nan take. Ba za mu bar ki ba." Ta ce, "To, ɗan nan."

Daga ranar, aikinta ke nan. Da ta farka sai ta ɗaga hannun dama ta buɗe ta rufe, ta taɓa kowane yatsa da babban. Ta karanta Fatiha a fili don ta ji ko harshen yana nan. Ni kuwa na tare a asibitin. In an kore ni daga ɗakin mata sai in zauna a baranda jikin tagarta. Duk lokacin da aka turo teburin nan mai taya, ina tsaye a kansa. Ban san baƙin ba, amma na san fuskar likita. Ranar farko ya girgiza kai. Wata rana ya ce, "Ya fara motsi." Wata rana ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Na fara gaida akwatin in an kawo shi. Sista Judit tana cewa, "Ga abokinka nan, Baba, maƙaryacin."

Amma tarin ma yana motsi. Ya sauka daga maƙogwaro ya koma ƙirji, yana kurkur kamar guga yana shan ruwa. Tana ture koko. Idanunta suka faɗa.

Ranar da akwatin ya yarda, ina wurin. Likita ya dubi gilashin ya ce, "Jinin ya dawo." Na ce Allahu akbar da ƙarfi har na ɗakin gaba suka ji. Sai ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya matsar, ya sake matsarwa, ya taɓa goshinta. Jikin kamar garwashi. Ya kira mai allurar bayan, wata babbar mace, ita ma ta saurara. Suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Ba sai an fassara min ba.

"Baba," ya ce, "ƙirjin ya kamu. Ba za ta iya ɗaukar aikin a haka ba. Sai mun kashe zazzaɓin tukuna."

"Jinin fa? Ai ya yarda."

"Ya yarda. Ya zo a makare ne."

Suka sa mata robar iska a hanci, suka rataya ruwa, allura a kan allura. Sun yi iyakar yinsu, ni shaida ne, kuma ba na yabon mutum a banza. Naja'atu ta daina cin abinci. 'Yan unguwa suna zuwa su tsaya a bakin taga su koma shiru.

Ranar wata Alhamis, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke. Dije ta nemi dutsen taimama. Da hannunta ta dafa, da hannunta ta shafa fuska. Ta yi sallarta a kwance. Sannan ta yafito ni, na sunkuya.

"Ajiyata?"

Na dafa aljihu. "Tana nan."

"Dubi bakina. Ya karkace?"

Na duba sosai, don ba na mata ƙarya. "Yana nan daram."

Ta ɗaga hannun dama, ta buɗe, ta rufe. "To, alhamdu lillahi," ta ce. Kafin magariba ta cika.

Da safe na yi sammakon zuwa maƙabarta. Na samu samari sun fara, ramin ya kauce, bango ɗaya ya yi ciki. Na ce su ba ni digar. Suka ce, "Haba Baba, ka zauna, yau ba ranarka ba ce." Na tuɓe riga na shiga. Ƙasar damina ce, ja, mai danƙo, tana kama diga. Na gyara bangon ya miƙe, na sassaƙe 'yar cikin da ake kwantar da gawa daidai tsawonta, don na san tsawonta ba sai an kawo kara ba. Masu haƙa na unguwar suka tsaya a baki suna kallo. Har yau ana maganar kabarin nan. Ba a taɓa haƙa mai kyansa a wurin ba.

Likita Godfrey ya zo gaisuwa rana ta uku, ya cire takalmi ya zauna a tabarma cikin malamai. Ya ce yanzu duk tsohuwar da aka kwantar, Sista Judit tana zama ta yi hira da ita, ta tambaye ta abin da ke bakin zane. Na ce ya kyauta. Na tambaye shi akwatin, ya ce wa'adin aron ya cika, an mayar.

Ƙwayoyin suna aljihuna. Naja'atu ta ce in ba ta ta zubar a masai, na ce ajiya ce, ba a ce in zubar ba. Rijiyar gidan na sa an rufe ta da kankare, muna sayen ruwan 'yan garuwa. In na dawo asuba ina shiga zaure shiru, maƙwabta har sun ce unguwar ta canza.

Masu gaisuwa suna cewa, "Dabo, kai kam ƙarfe ne, ga shi ko tari ba ka yi." Gaskiya suka faɗa. Na kwana a barandar asibiti cikin ruwa da sauro, ko ciwon kai ban yi ba. Jinina irin na saurayi ne, a gaban mutane aka gwada, kuma akwatin nan ba ya ƙarya. Da sauran zama ke nan.